Siririn Katin Da Austin Bai Gani Ba

Shafi na 19

"Na ce ba ni katin, Judith. Ba wasa ya kawo ni ba."

"Yaya Austin, hotunan sunan mutane ne fa a ciki. Na gidan Tukur mai walda, da safen nan na ɗauka, ko kwafa ban yi ba."

"Ki ce musu katin ya lalace."

"Haba dai! Haihuwar fari ce fa, matar har..."

"Judith!"

Tsawar da ya daka mata sai da ta ja da baya, ta bugi labulen da take tsayar da masu hoton fasfo a gabansa. Tun tana 'yar mitsitsiya ta san Austin. A wannan shagon na bakin tashar Makarfi ya koyi ɗaukar hoto a hannun mahaifinta, marigayi Baba Ilisha, shi ne ma mai goya ta a keke ya kai ta firamare. Ga shi kuma yayan Gilbert ne, masoyinta da aka sa musu rana bayan kaka. Amma ba ta taɓa ganin idanunsa haka ba, jajir, kamar wanda ya daɗe rabonsa da barci.

Babu wuta, shagon da duhu-duhu. Ya sa ƙafa ya tura ƙofar.

"Jiya da yamma me ya kai ku gonar raken nan ta bayan Kurmin Kogi?"

"Gwaji muka je. Gilbert ne ya ce mu haɗa sabuwar kyamarar da ya sayo min da tsohuwar Baba, mu ga bambancinsu. Shi kaɗai na yi ta ɗauka wallahi."

"Wa ya ba ku izini?"

"Izinin me? A bakin hanya fa muka tsaya."

"Mai gonar ba ya so. Ya ce duk abin da aka ɗauka a kai masa."

"Waye mai gonar? Kai ta yaya ma ka san mun je?"

Hannunta ya damƙa ya janye ta daga gaban tebur, damƙar da sai da ta ji ƙashinta ya amsa.

Kyamarorin biyu suna ajiye kusa da juna. Kamfani ɗaya ya ƙera su, sabuwar ce ta gaji tsohuwar, in ba ka lura ba sai ka ce tagwaye ne. Sai dai ta Baba robar jikinta ta sale, wurin riƙonta har ya yi sulɓi saboda gumin hannu.

Ita ya fara ɗauka. Ko kallonta bai yi ba, babban yatsansa ya zame murfin gefe, ya danna, ƙaton katin ya leƙo. Shekaru ya yi yana cin abinci da ita, ko a mafarki ya san kanta. Ya ɗauki sabuwar, ya yi mata irin yadda ya yi wa waccan, ya zare babban katin ya cusa su duka a aljihu.

Ya murɗa makunninta. Shiru.

"Ina batirin?"

"Yana wurin mai caji."

"Kwamfutar fa? Kin kwafa a ciki?"

"Na tsohuwar kawai. Ban kai kan na sabuwar ba na bari, don kar cajin ya ƙare."

"Buɗe."

Ta buɗe masa. Ga Gilbert nan tsaye a gaban rake yana washe baki, ya riƙe ƙugu kamar wani ɗan kasuwar Kano. Can nesa a bayansa akwai wata tsohuwar rumfar dafa mazarƙwaila da aka daina aiki a cikinta, cikinta baƙi ƙirin.

Austin ya ja hoton ya ƙara masa girma daidai kan rumfar. Ya ƙara ja. Ba komai sai ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi a kan baƙin ƙyalle.

Wata doguwar ajiyar zuciya ya sauke, har da guntun murmushi.

"Kyamarar Baba ke nan. Da rana ta yi sanyi shike nan, ta makance a inuwa." Ya juyo ya kafe ta da ido. "Na sabuwar fa, kin duba su?"

"A can dai na ɗan leƙa."

"Me kika gani?"

"Gilbert."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, Yaya."

Ya daɗe yana kallonta, ita kuwa ji take kamar fitsari zai kufce mata. Sai ya sassauta murya, kuma sassaucin ya fi tsawar ba ta tsoro.

"Judi, kamar ƙanwar da muka fito ciki ɗaya na ɗauke ki. Shi ya sa ni na zo da kaina, ban bari wani ya zo ba. Kin gane?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba ki gan ni ba yau."

Ya fice. Tana jin ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace ta hanyar Ikara, sannan ta zube a ƙasa.

A haka Gilbert ya same ta. Ya shigo da waƙarsa, batir a hannu ɗaya, ledar awara a ɗayan.

"Madam mai hoto! Mai caji ya ce in gaya miki... Judi? Yesu! Me ya same ki?"

Ledar ta faɗi. Ya durƙusa a gabanta, idonsa ya sauka kan wuyan hannunta da ya yi shatin yatsu.

"Wa ya taɓa ki? Faɗa min sunansa kawai!"

"Yayanka."

"Wa?"

"Yaya Austin."

Dariya ya so yi, ta maƙale. Cikin kuka ta zayyana masa komai, tun daga rufe ƙofa har kalmar ƙarshe. Yana ji yana girgiza kai.

"A'a. Akwai dai wani abu. Ƙila mai gonar ubangidansa ne, kin san tunda ya bar hoto ya koma dillancin rake mutanensa suka yi yawa. Zan same shi, zai ba ki haƙuri a gabana."

"Gil, cewa ya yi bai bari wani ya zo ba. Wane wanin?"

Ya miƙa hannu ya ɗauko sabuwar kyamarar.

"Wane kati ya cire?"

"Duka. Na tsohuwar da na wannan."

"Har ƙaramin?"

"Wane ƙarami kuma?"

Ya zame murfin, ya karkata ta wajen hasken ƙofa. Kusa da babban ramin da ya zama wayam akwai wata 'yar tsaga siririya, in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka layin roba ne. Ya danna da farce. Wani ɗan kati mai faɗin farcen babban yatsa ya leƙo.

"Wannan ai kati biyu take ci. Ta Baba ce mai ɗaya. Mutumin da na saya wurinsa a Zariya shi ya saka wannan, ya saita ta duk hoton da aka ɗauka ya shiga nan ya shiga nan. Ya ce ko ɗaya ya lalace ranar biki ba za ki ji kunyar mutane ba. Na so in nuna miki jiya, kika ce in rabu da ke, ke kika tashi a shagon hoto."

Judith ta dafe ƙirji.

"Ke nan Yaya bai sani ba."

"Ina zai sani? Tsohuwar ya iya."

Suka kalli juna. Ba wanda yake son ya fara faɗa.

"Mu bar shi kawai," in ji Gilbert a hankali. "Ki kwafe na sunan, sauran mu goge. Abin da ba mu gani ba..."

"Rufe ƙofar, ka sa sakata."

"Judi..."

"Don Allah, Gil."

Ya rufe. Ta zura katin a gefen kwamfuta. Alamar caji ta riga ta koma ja.

Hotunan suka jeru. Ta buɗe na tsohuwar a hagu, na sabuwar a dama, wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya. Jiya a bakin gona sun sha musu a kan wannan. Ita ta ce ta Baba ta fi fitar da kalar fata, fuskar mutum tana fitowa da ɗumi. Shi ya ce son kai ne kawai, sabuwar ta fi sauri, ta fi kaifi, ga ta ba ta cika ƙara ba, ita kuwa ta Baba in ta yi ƙaras sai kaji sun watse.

Yanzu ba mai dariya.

A na hagu rumfar baƙa ce. A na dama kuwa ana ganin ginshiƙanta, ana ganin bakin tsohon kaskon dahuwa, da wasu inuwoyi da ba a gane ko mene ne ba.

"Kin gani? Ba komai. Buhuna ne."

Ta wuce na gaba. Ta wuce. Sai ta tsaya cak.

"Wannan."

"Wannan da na fito dishi-dishi? Ba shi kika ce za ki goge ba?"

Shi ne. A kyamarar Baba, ɗigon saiti na tsakiya kaɗai Judith take amfani da shi, inda ta ɗora shi nan idon kyamarar zai kama, haka Baba ya koya mata. Sabuwar kuwa ɗigoginta sun cika gilashi, kuma ba ta riga ta saita ta ba, don haka ita take zaɓar abin da za ta kama da kanta. A wannan hoton ta saki Gilbert ta kama can baya. Jiya har tsaki Judith ta yi, ta ce ga kyamarar tsada ba ta san ango ba.

Gilbert ya zama hayaƙi-hayaƙi a gaba. Rumfar kuwa ta fito tar.

Ta ja hoton.

Ba buhu ba ne.

Mutum ne zaune a ƙasa, ya jingina da ginshiƙi. Ƙafafunsa a miƙe, an haɗe su da igiya. Ba hula a kansa. Farin gemu.

Ta ƙara ja, ta ƙara masa haske.

"Wayyo Allah na! Baba Yahya!"

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Malam Yahya mai hatsi na Hunkuyi. Mahaifin Sadiya, ƙawarta tun sakandare. Tun makon jiya aka tare shi a hanyar dawowa daga kasuwar Ikara, aka bar motarsa a buɗe a bakin titi. Har nan shagon Sadiya ta zo aka wanke mata hotonsa don a rarraba, tana kuka tana cewa ba kamun ne ya fi damunta ba, ciwon suga gare shi, kuma maganinsa yana nan a gida kan taga. Shi ne mutumin da ya ɗauki Baba Ilisha a motarsa zuwa asibiti a Zariya ranar da ya faɗi, ya zauna da su har aka rufe masa ido.

A hoton kansa ya langaɓe gefe. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari.

"Yana da rai?" Gilbert ya tambaya, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Idonsa a buɗe yake."

"To, mu... mu kira..."

Maganar ta mutu a bakinsa, domin Judith ta matsa da hoton gefe.

A bayan dattijon akwai mutum biyu. Ɗaya ya juya baya, bakin bindiga ya leƙo ta kafaɗarsa. Ɗayan yana tsaye da buta a hannu, ya juyo yana kallon hanya, yana kallon kyamarar kai tsaye. Rigar ankon matasan coci ce a jikinsa, mai ruwan ganye, irin wadda Gilbert yake da ita a gida.

"Ba shi ba ne."

"Gil."

"Mutum nawa ke da rigar nan? Mu da yawa muka ɗinka!"

"Dubi girarsa."

Tabon Austin yana nan, wanda ya raba girar hagu biyu. Gilbert ne da kansa ya yi masa shi da dutse suna yara.

Ya ja baya har ya bugi bango, ya sulale ya zauna. Hawaye na zuba, bai ma san suna zuba ba.

"Shi ya biya min kuɗin makaranta, Judi. Shi ya riƙe Mama tunda Babanmu ya rasu. Jiya da muka dawo tare muka ci tuwo, kwano ɗaya. Har yana tsokanata wai ango ya fara ƙiba."

Kwamfutar ta yi ɗan ƙara ta mutu. Shagon ya ƙara duhu.

Judith ta zare katin ta damƙe a tafin hannu.

Sai wayar Gilbert ta ɗauki ruri.

Dukansu suka zabura. Ya ciro ta, hasken ya haska fuskarsa.

"Shi ne."

"Kar ka ɗauka."

"In ban ɗauka ba zai gane."

Ya danna, ya sa a bayyane don su ji tare. Iska ce ke kaɗawa ta can, alamar a bakin hanya yake.

"Ƙanena, kana ina?"

"Ina... ina shagon Judi, Yaya."

"Madalla. Ta gaya maka na biyo?"

"Ta ce ka karɓi kati."

"Ƙaramin abu ne, zan yi maka bayani. Tambaya gare ni. Na tsaya wurin wani mai hoto a Ikara zan sayar masa da katin nan, muna hira yake ce min wai irin sabuwar nan ba kamar ta Baba ba ce. Kati nawa take ci?"

Judith ta shiga girgiza kai da ƙarfi, tana ɗaga masa yatsa ɗaya.

Gilbert ya buɗe baki. Tunda yake bai taɓa yi wa yayansa ƙarya ta zauna ba.

"Ɗa... ɗaya ne. Ina jin ɗaya ne."

"Kana ji?"

"Eh."

"Kai da ka saya, kana ji."

Sai wata murya daban ta yi magana a kusa da Austin, ƙasa-ƙasa, ba su ji abin da aka ce ba.

"Gilbert, saurare ni da kyau. Kar ku buɗe komai. Kar ku kira kowa. Ku zauna a nan, ga ni nan dawowa." Muryarsa ta karye kaɗan. "Kuma ba ni kaɗai ba ne. Don girman Allah ku ba ni shi salin-alin, in samu abin da zan faɗa musu."

Ƙit. Ya kashe.

Judith ta miƙe tana neman takalminta, ƙafarta ta kasa shiga.

"Ina za ki?"

"Ka ji ai. Ba shi kaɗai ba ne."

"Tsaya, tsaya mu yi tunani." Ya tare ƙofar. "Mu ba shi. In muka ba shi ba abin da zai same ki. Ni kuma in zauna da shi, in kira Mama, in kira Fasto, mu sa shi ya saki Baba Yahya da hannunsa. Yayana ne, zai ji maganata."

"Mai bindigar ma yayanka ne?"

"Judi..."

"Mun ga fuskarsu, Gil! Kana ganin in sun karɓi katin za su ce mun gode, a gaida gida? Baba Yahya ma ya ga fuskar Yaya Austin. Ya san shi tun yana shagon nan. Ka taɓa jin sun saki wanda ya san su?"

Gilbert ya runtse ido.

"In kika kai wannan, an gama da shi. Ko a ɗaure shi har ya tsufa, ko su waɗancan su kashe shi kafin a kama shi. Mama ba za ta rayu ba. Kuma wa zai zauna a ɗaura mana aure bayan matar ƙane ta kai yayan mijinta kurkuku?"

"Kana ganin ban san wannan ba?"

Ta fashe da kuka mai cin rai, ta kifa kanta a ƙirjinsa. Zuciyarsa na bugawa kamar za ta fasa riga. Yaron da ta so tun suna ajin waƙa a coci, wanda ya hana kansa sabon babur don ya saya mata kyamara. Ya rungume ta.

"Ina tsoro, Gil. Wallahi ƙafafuna ba sa ɗaukata."

"To ki zauna. Ki bar ni da shi, yau kawai. Gobe in bai sake shi ba, ni da kaina zan raka ki."

"Ka ga leɓɓansa?"

Ya kau da kai.

"Ka ga yadda kansa ya faɗi? Mai ciwon suga ne, ba magani, a ƙasa. Wace goben?"

Wani babur ya wuce ta gaban shagon. Dukansu suka ƙame har ƙararsa ta yi nisa. Ba shi ba ne. Amma Ikara ba nisa gare ta ba.

Judith ta zame daga jikinsa. Ta kwance bakin ɗankwalinta, ta ƙulle katin a ciki, ta mayar ta ɗaure tam. Ta share fuska da bayan hannu.

"Matsa min."

"Judith, ina roƙonki."

"Matsa, Gilbert."

Bai matsa ba, amma da ta miƙa hannu ta gefensa ta zare sakatar, bai hana ta ba.

Hasken rana ya faɗo cikin shagon. Tasha cike da mutane, masu lodin rake na ta ihu, mai shayi na wanke kofuna. Ta taka bakin ƙofa, sannan ta juyo ta dube shi. Da ƙarfi ta yi maganar, har mai shayi ya ɗago kai.

"Ba zan ba shi ba. Ofishin 'yan sanda zan kai shi yanzun nan, da ƙafata, daga can in kira Sadiya. In za ka zo, taho mu tafi. In yayanka za ka jira, ka gaya masa ni ce na kai, ba kai ba. Ko da auren nan zai mutu a kai, Baba Yahya ba zai ƙara kwana a rumfar nan ba!"